Rasas Ne, Bar Shi Nan

Aikin nan ya ba ni wuya. Na ɗauki buhun siminti a Mina, na tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa har ƙafafuna suka kumbura, na yi rabon ruwa a Muzdalifa cikin hayaƙin motoci, amma babu wanda ya ci mini rai kamar cusa harsashi a cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai murfin gwangwanin madara ba. A zaune ake yinsa, a falo mai sanyi, da kofin shayi a gefe. Duk da haka ya ba ni wuya.

Direban gida ne ni a lokacin. Maigidana, wanda iƙamata, wato takardar izinin zamana, take ƙarƙashin sunansa, wani tsoho ne ɗan Makka da ya yi ritaya. Ammi nake ce masa, wato baffa, shi kuma ya ce mini Hajji. In ransa ya ɓaci sai ya koma ya walad, wato kai yaro, alhali furfurata ta kusa kamo tasa. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Matata ma ta koma gida da ƙafarta, ba korarta aka yi ba. Shi ya sa nake iya rubuta wannan.

Matar nan tawa ba ta da takarda. Umra ta zo, ta ga yadda nake zaune ni kaɗai ina cin burodi da wake safe da yamma, ta ce ba za ta koma ba. Muka kama ɗaki a saman tudu a Utaibiyya. Ammi bai san tana Makka ba. A saninsa tana can Najeriya da yara, duk Sallah ma sai ya ce in gaishe ta a waya. Ba don mugu ne na ɓoye masa ba. Yana da ɗa mai tsananin bin doka, kuma maigidan da ya san direbansa yana ajiye da mai zaman da babu izini, shi ma yana cikin laifi. Da magana ta fita, ita za a fara ɗauka, a tsare ta, a sa ta a jirgi, kuma ba za ta sake ganin Makka ba. Wannan tsoron da shi muke kwana muke tashi.

Sana'arta sikrab, abin da a gida ake ce wa jari-bola. Tana tara tsohon ƙarfe da waya da gwangwani, ta kai wani fili mai katanga a Hindawiyya inda matanmu suke zama su ware kaya kafin mai sikeli ya zo. Ba a sayar da shi a cakuɗe, faɗuwa ake yi. Baƙin ƙarfe gefe, tagulla gefe, dalma gefe. Tana da gudumarta da filaya da ɗan maganaɗisu da ta ciro daga tsohuwar lasifika. Duk abin da Ammi ya ce in zubar, tsohuwar fanka ko igiyar wuta ko famfon da ya lalace, gida nake kawo mata.

Ranar da na fara ganin bindigar Ammi, shiga na yi falo in karɓi mukullin mota, na same ta a kan teburin gilashi kusa da faranti na dabino. Libarba ce, irin mai juyi. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga, na kasa komawa. A Makka fa, inda tattabara za ta zo ta tsaya maka a kan takalmi ba ka isa ka kore ta ba. Ammi ya yi dariya har da tari. Ya ciro katin lasisi ya nuna mini, ya ce a wani baje kolin mafarauta a Riyad ya saya, komai bisa doka, kuma ba ya harba ta sai a filin koyon harbi da ke hanyar Jidda, bayan an fita iyakar Harami. Ya ce shigo, ba ta cizo.

Matsalarsa hannu. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura, ko maɓallin riga sai an taya shi. Bindigar kuma ba irin wadda ake zuba mata harsashi ɗai-ɗai ba ce. Tana da wani faifan ƙarfe siriri, da rami a tsakiya, a bakinsa an yanka gurbi shida. A nan ake jera harsashin, sai a jefa su a bindigar gaba ɗaya, in an harba kuma su fito gaba ɗaya. Gamar yake ce wa faifan, wato wata na sama da Larabci. Ni ban ga wata a jikinsa ba, ya fi kama da tauraron da mota ta taka. Yana da su cike da gwangwanin biskit. Jera su da kwance su ya zama aikina, bisa tuƙi da cefane da ba shukoki ruwa.

Kowane harsashi yana da ɗan tsagi a gindi. Za ka saita tsagin a bakin gurbin, ka danna da babban yatsa har ka ji ƙas. Na farko yana shiga da sauƙi. Kafin ka kai na ƙarshe babu wurin riƙewa, ƙarfen kuma yana da kaifi kamar reza, yana shiga ƙarƙashin farce. Cirewa ta fi muni. Kwanson da aka harba yakan kumbura ya yi baƙi, ya kama gurbin ya ƙi saki. Abin cirewar da aka haɗo masa da shi ya ɓata tuntuni, sai ya ba ni wani guntun bututu da aka yanke bakinsa, in zura kwanson a ciki in murɗa. In ka murɗa da ƙarfi faifan ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe ko kaɗan bindigar ba ta juyawa. Ammi yakan ɗora kowane faifai a kan gilashin teburin ya danna gefensa da yatsa. In ya kwanta shiru, shi ke nan. In ya motsa, sai in ji, "Ya walad, wannan hannu ne ko ƙafar raƙumi?"

Duk wannan ban taɓa faɗa wa matata ba. Ta tambaye ni me ke yanka mini yatsa, na ce wayar shinge ce a lambu.

Wata Alhamis, ana gab da aikin Hajji, lokacin da ake tsananta bincike a kowace hanya, na kai shi filin harbi. Ni a mota nake zama in rufe gilashi, ba na son ƙarar. Bai daɗe ba ya fito, wai hannun ya hana shi, kuma 'yarsa ta bugo waya tana jiransa za su tafi Ɗa'if su yi Juma'a a can, mijinta ne zai tuƙa. Da muka isa gida ya sa bindigar a akwatin ƙarfe ya kulle, ya miƙo mini wata baƙar leda ɗaure.

"Tafi da su, ka cire mini kwansunan a gida, ka kawo fayafayan ranar Asabar."

Na ce, "Ammi, wannan kayan bai kamata ya bar gidan nan ba."

"Duk an harbe su, Hajji. Gwangwani ne. Jikokina ma suna busa su kamar usur."

Na karɓa. Mutum in ya daɗe yana cewa to, bakinsa yakan riga shi.

Da na hau tudunmu na shiga ɗaki, ba ta dawo ba. Na zauna a bakin gado na kwance ledar. A sama kwansuna ne baƙaƙe a jikin fayafayansu, kamar yadda ya faɗa. Na sa hannu ƙasa, sai na ji wasu sun fi nauyi. Na ɗago ɗaya. Harsashi ne cikakku, da kawunansu masu launin toka, waɗanda ni da kaina na jera da safe. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ashe da hannun ya dame shi, share teburin ya yi gaba ɗaya cikin leda. Na zauna ina kallon abin a tafin hannuna, ina jin maƙwabcina a bayan katako yana yi wa matarsa mitar gishiri ya yi yawa. Baƙo, ɗan Afirka, a ɗakin haya a Utaibiyya, da harsashi a hannu da mace marar takarda. Ko ni ne alƙalin ba zan saurari bayani ba.

Na buga masa waya. Ya fara dariya, ya ce wallahi ya manta. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce sun riga sun hau dutsen Ɗa'if, gidan a kulle yake. "Kada ka fita da shi. Kada kowa ya gani. Asabar da sassafe." Daga muryarsa na gane shi ma ya tsorata.

Ina tura ledar ƙarƙashin gado ta shigo, ta sauke buhunta a bayan ƙofa.

"Sannu da gida, Malam. Me ka samo mana?"

Na ce, "Rasas ne. Na gidan Ammi. Bar shi nan."

Ta ce, "To, madalla."

Ban lura da madallar ba. Rasas shi ne sunan harsashi da Larabci, kuma shi ne kalmar da ke bakina yini guda, don da shi muke kiransa ni da Ammi. A raina na gaya mata gaskiya, na kuma ji daɗi da ba ta ta da hankali ba. Har na ce a zuciyata matar nan ta fi ni ƙarfin hali.

Washegari na je Juma'a a masallacin unguwa, daga nan na wuce duba wani ɗan garinmu da ya faɗo daga kan gini. Sai bayan La'asar na dawo. Ɗaki a rufe, ba ta nan. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Akwatinmu yana nan, takalmina yana nan, leda babu. Na jawo akwatin, na ɗaga katifa, na duba bayan tukunyar gas. Sai na juya wajen ƙofa. Buhunta babu. Ƙusar da take rataye guduma babu komai a kanta.

A durƙushen nan abin ya faɗo mini. A wurin mai sikeli, rasas dalma ce. Kalma ɗaya ce a Larabci, harsashi da dalma. Sau nawa na ji ta tana cewa yau rasas ya yi tsada, yau ta samu rasas a tsohon batir. Ita duk Larabcinta na sikeli ne. Na ce mata dalma ce, daga gidan da kullum nake kawo mata tarkace, na kuma ce bar shi nan, abin da nake faɗa kowace rana in na kawo kaya ina so in huta kafin a fara ƙarar ƙarfe a kaina.

Na buga wayarta. Ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi.

Ban san yadda na sauka daga tudun ba. Na tare tasi na ce Hindawiyya. Direban mai surutu ne, yana ta ba ni labarin yadda aka hana su shiga wasu tituna saboda alhazai, ni kuwa ina jin muryarsa kamar daga cikin rijiya. A wani shatale muka tarar da motar sintiri a gicciye, askar, wato 'yan sanda, suna duba takardu. Na miƙa iƙamata. Askar ɗin ya dube ta, ya dube ni, ya miƙo mini. Da muka wuce na waiwaya, na ga mata biyu baƙaƙe zaune a gefen titi kusa da motar, da ƙullin kayansu a gabansu. Na ƙura musu ido har wuyana ya yi ciwo. Ba ita ba ce. Amma ta nan yankin ta bi, a ƙafa, da buhun a kanta.

Filin yana bayan wani garejin gyaran mota, ƙofarsa ta langa-langa. Tun daga lungu na hango hayaƙi, baƙi mai warin roba. Haka suke yi, su ƙona waya robar ta narke su ɗebi tagullar. Na tura ƙofar. Mata ne zazzaune a inuwar katanga, kowace da tarin kayanta. Mai riƙe da mukullin wurin wata tsohuwa ce 'yar Damagaram, kowa Gwaggo yake ce mata. Ita ta fara ganina.

"A'a, yau Alhajin mota ne da kansa a bola? Ko ka zo ka ga ko mun yi mata wani mijin?"

Matan suka yi dariya. Ko sallama ban yi ba. Na hango matata a can kusurwa, ta miƙe ƙafafu, da dutse a tsakaninsu. A damanta tarin kwansuna. A hagunta fayafayan Ammi, a tattake, a lanƙwashe, an jefar da su cikin baƙin ƙarfe tare da ƙusoshi. A hannunta na hagu filaya, ta damƙe harsashi cikakke ta kwantar da shi a kan dutsen. A hannunta na dama guduma.

Na so in yi ihu, murya ta ƙi fita. Kuma gara da ta ƙi. Na taka a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, na durƙusa, na riƙe gudumar ta sama.

"Malam, lafiya? Wani ya mutu?"

"Saki."

Ta saki. Na karɓi filayar ma, na buɗe bakinta, harsashin ya gangaro cikin tafina. Gefensa ya loɓa, ta riga ta buge shi.

Ta ce, "Wannan kayan naka ba ƙaramin aiki ba ne. Marasa kan nan duk na cire su, tagulla ce mai kyau. Masu kan su ne suka ƙi. Dalmar tana nan, ga ta, amma ta ƙi fita. Gwaggo ta ce in daina wahalar da kaina, a sa su a wuta ta narke da kanta."

"Kin sa?"

"Guda ɗaya muka sa a gwada."

Na juya. A bakin wutar wayar nan, a kan wani murfin fenti, faifai ne guda da harsashinsa shida a tsaye kamar an ɗora tukunya. Wata yarinya tana tsugune kusa da shi tana juya waya da sanda, fuskarta ba ta fi kamu biyu daga wurin ba.

Na tashi na je na ɗauke shi da hannu. Ya yi zafi, na ji fatata ta kama, amma ban sake shi ba sai da na kai ga bokitin da suke wanke hannu, na tsoma shi har da hannun. Ruwan ya yi ɗan cuu. Na tsaya a sunkuye da hannuna a ruwa, ina kallon ƙasa.

Da abin nan ya tashi, ban san wa zai samu ba. Abin da na sani, ko bai taɓa kowa ba, ƙara ɗaya ta isa. Masu gareji za su fito, motar sintiri tana nan kusa, kuma a cikin matan nan babu mai takarda ko ɗaya. Da an kwashe su duka, tawa kuma ba jirgi za a kai ta ba, wani wurin za a kai ta a tambaye ta inda ta samo.

Gwaggo ta ce, "Alhaji, mene ne haka? Zinariya ce?"

Na ce, "Kayan maigidana ne. Na na'urar sanyaya ɗaki. A kuskure na kawo, yana nema."

Ta taso da sandarta, ta zo ta leƙa bokitin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi fuskata, ta dubi hannuna. Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Na'urar sanyi ko."

"I, Gwaggo."

"To kwashe. Har wanda ya faɗa cikin ƙasa. Kada ka bar mini ko ɗaya a nan, kuma kada ka sake kawo mini na'urar sanyi." Ta juya wajen matan ta ce, "Ku kuma me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin namiji yana tsoron maigidansa ba?"

Muka tsugunna ni da matata muna tsinta. Tana ta ƙunƙuni, wai yininta guda ya tafi a banza, wai da na san na mutane ne me ya sa ban faɗa ba. Na karɓi maganaɗisunta na bi ƙasa da shi ina jawo fayafayan, kwansunan kuma da hannu, don ba ya kama tagulla. Na tona ƙasar da ke gefen dutsen da yatsu. Na zazzage buhunta har ƙasa, na girgiza zanenta. Sai da na tabbata babu saura na ɗaure ledar, na cusa ta cikin riga.

A lungu, bayan mun wuce garejin, ta tsaya ta ce ba za ta ƙara taku ba sai na gaya mata abin da ke faruwa.

Na ce, "Harsashi ne."

"Wane harsashi?"

"Na bindiga."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. "Ka ce mini rasas."

"Shi ne rasas."

"Rasas dalma ce."

"A wurinku."

Ita bindigar da ta sani ta maharban ƙauyensu ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba ta taɓa ganin irin wannan a hannu ba. Ta ce ta ɗauka kan murhun gas ne na masu kuɗi.

"To me ya hana ka yi mini Hausa, Malam? Ni Balarabiya ce? A gidan ubana aka haife ni ko a Jidda?"

Ta ɗaga hannuwanta tana kallonsu, gaba da baya. Sai ta jingina da bango ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Na buge shi fa. Na yi ta bugunsa. Na sa ɗaya a baki ma. Na cije kan in ji ko dalma ce ta gaske."

Nan ni ma na zauna. Mu biyu a ƙasa a lungun Hindawiyya, kusa da kwandon shara, kyanwa tana kallonmu. Wani mai keken kayan miya ya zo wucewa, ya ce mu ɗan janye ƙafa, muka janye.

Komawa gida ma aiki ne. Ita ba ta shiga tasi saboda shingen bincike, ni kuma ba na shiga da abin da ke cikin rigata. Kuma bai kamata a gan mu tare ba, don in an tare ɗaya kada a haɗa da ɗayan. Ita ta san lungunan da matansu suke bi, ta bayan gidaje da ƙarƙashin gada. Ta shige gaba da buhunta wanda babu komai a ciki, ni ina binta daga nesa, ina ganin baƙin mayafinta yana ɓacewa a kwana yana sake fitowa. Duk motar da ta rage gudu a bayana sai in waiwaya. Ledar tana manne da fatata, tana ɗan ƙara in na yi sauri, dole na riƙa tafiya kamar mai ciwon baya. An kira Magariba muna hanya. Ban tsaya ba, Allah ya yafe mini, ban ga yadda zan shiga sahu da wannan kaya a ƙirji ba.

A ɗaki ba ta ɗora tukunya ba, ni ma ban tambaya ba. Ta fasa ƙwai ta shafa mini farinsa a tafin da ya ƙone. Ta ce dai abin nan ba zai kwana inda take kwana ba. Na hau saman rufi na cusa shi cikin wani mataccen injin wanki da mai gidan ya yar a can. Kafin in rufe na ɗauko fayafayan na duba a hasken fitilar titi. Babu mai kyau ko ɗaya. Wasu sun naɗe kamar ganye, duk da sawun guduma a jikinsu.

Da na sauko ta ce, "Zai tambayi wanda ya yi musu haka."

"Zai tambaya."

"Me za ka ce?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Da safe bayan Asuba na sauko da ledar, na sayi burodi mai zafi na ɗora a kai cikin wata ledar, na bi ta hanyar da ma'aikata suke bi. Na sami Ammi a falo da carbi, ko shayi bai sha ba. Na rufe ƙofa na juye kayan a kan teburin gilashi. Ya fara ware cikakkun, bakinsa yana motsi, sai na ga kafaɗarsa ta sauka. Sannan idonsa ya kai kan fayafayan. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a gilashin, bai ma danna ba, da kansa yake rawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Ammi."

"Da me?"

"Da guduma. Na manta bututun a nan."

Ya ɗauki harsashin da gefensa ya loɓa, ya juya shi. Ya ɗauki wani, ya kai shi kusa da tabarau. Sawun haƙora ne a kan dalmar, a fili.

"Wannan fa?"

"Ni ne."

"Ka ciji harsashi."

"Na ciza."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ni kuma ina kallon farantin dabino.

"Ya walad, kai jaki ne?"

"Jaki ne, Ammi."

Ya share komai cikin gwangwanin biskit da gefen hannunsa, ya tashi da kyar ya kai akwatin ƙarfe ya kulle. Ni kuma na ɗauki bokiti na fita wanke mota.